Zanzibar: Baƙo A Tsibirin Kanumfari

Yawancinmu mutanen tudu ne. Mun san kogi da tafki, mun san rafin bayan gari da yakan ƙafe da rani, amma da yawa cikin masu karanta wannan mujalla ba su taɓa ganin teku da idonsu ba. Labarinsa muke ji a majami'a, kamar sa'ad da aka karanta mana yadda jirgin Manzo Bulus ya farfashe a gaɓar wani tsibiri.

Yanzu zamani ya sake. 'Ya'yanmu da suka yi karatu suka sami aiki sukan tara kuɗi su tafi hutu bakin teku. Wasu ango da amarya, da an gama biki sai su nufi can. Suna aiko mana da hotuna ta waya, ga farin rairayi, ga shuɗin ruwa, ga itatuwan kwakwa. Iyaye kuwa sukan tambaya, “Anya ya dace mai bi ya je irin wannan wuri? In ya je kuma, me zai gani, ƙaƙa zai yi?” Domin amsa wannan tambaya, a wannan wata za mu kai ku Zanzibar, ɗaya daga cikin wuraren hutun da suka fi suna a Afirka, mu faɗa muku abin da muka gani da abin da muka koya.

Inda Tsibirin Yake

Zanzibar tana cikin Tekun Indiya, daura da gaɓar ƙasar Tanzaniya a Afirka ta Gabas. Manyan tsibiranta biyu ne, Unguja da Pemba. Unguja ne babba, shi ne kuma baƙi suke kira Zanzibar. Tsawonsa wajen kilomita 85 ne, faɗinsa kuwa wajen 30, watau mai mota zai ratsa shi daga gabas zuwa yamma kafin a gama dafa tuwo. Bisa ga ƙidayar 2022, mutanen tsibiran sun kusa miliyan 1 da dubu 900, kusan dukansu kuwa Musulmi ne. Zanzibar ta haɗu da Tanganyika ran 26 ga Afrilu 1964, suka zama ƙasa ɗaya, amma har yanzu tana da nata shugaba da tata majalisa domin harkokin cikin gida.

Mai tashi daga Nijeriya yakan bi jirgin sama ta Adis Ababa ko ta Nairobi. Sai ya nemi biza tun yana gida, ya riƙe katin allurar shawara, gama za a tambaye shi. Wanda ya sauka a Darussalam kuwa yana iya shiga jirgin ruwa, cikin sa'a biyu ya iso. Agogonsu yana gaba da namu da sa'a biyu. Akwai kuma wani abin da yakan rikita baƙo: a harshen Suwahili ana fara ƙirgen sa'o'i daga fitowar rana. Abin da muke kira ƙarfe bakwai na safe, su ƙarfe ɗaya suke ce da shi. Saboda haka in mai kwale-kwale ya yi maka alkawarin lokaci, ka tambaye shi da wane agogo yake magana.

Damina biyu gare su. Babbar tana sauka daga Maris zuwa Mayu, ƙaramar kuwa wajen Nuwamba da Disamba. Daga Yuni zuwa Oktoba gari yakan yi sanyi-sanyi, sama ta washe, lokacin ne baƙi suke tururuwa.

Ruwan Da Ke Tafiya Ya Komo

Abin da ya fara kama hankalinmu a gabashin tsibirin shi ne teku ba ya zama wuri ɗaya. Da safe ruwa yana dukan gindin itatuwa. Kafin azahar ya janye can nesa, a wasu wurare ya fi kilomita guda, ya bar fili fetal, mutane suna tafiya da ƙafa inda ɗazu kwale-kwale yake yawo. Bayan kamar sa'a shida sai ya komo. Haka yake yi sau biyu kowace rana, kullum kuma yana yin lattin kusan minti 50 a kan na jiya. Masana sun ce wata ne yake jan ruwan, rana kuma tana taimakonsa. Shi ya sa cikar ruwan takan fi ƙarfi a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu. Masunta ba su bukatar a rubuta musu wannan. Wata suke dubawa, kamar yadda manomi yake duban hadari.

Ruwan ba ya shayuwa. A kowace lita akwai gishiri wajen giram 35. Rairayin kuwa fari ne fat, mai laushi kamar garin da aka tankaɗe. Asalinsa murjani ne da ɓawon katantanwa waɗanda raƙuman ruwa suka niƙe shekara da shekaru. Mu mun san murjani a wuyan mata, amma a teku abu ne mai rai. Waɗansu 'yan mitsi-mitsin halittu ne suke gina wa kansu gidaje na dutse, ɗaya bisa ɗaya, har su zama doguwar katanga a ƙarƙashin ruwa. Katangar nan ita take karya ƙarfin raƙuman ruwa tun daga nesa, shi ya sa ruwan bakin gaɓa yake kwance lumui. Wanda ya sa gilashin ido ya leƙa ciki zai ga kifaye iri iri, rawaya da shuɗi da masu zane kamar atamfa.

Ba mu jin kunyar cewa mun yi murna. Mutum ya tsaya gaban ruwan da ba ya ganin ƙarshensa, dole ya san ƙanƙantarsa, ya tuna da wanda ya sa wa teku iyaka. Allah ne ya yi waɗannan abubuwa, ya kuma yi su da kyau. Ba zunubi ba ne mutum ya dube su ya ji daɗi.

Cikin Shingen Otal

Otal-otal sun yi jerin gwano a Nungwi da Kendwa ta arewa, da Paje da Jambiani ta kudu maso gabas. Baƙin da suka zo daga ƙasashen waje sun haura dubu 600 a shekarar 2023, mafi yawansu Turawa ne daga Italiya da Jamus da Faransa da sauransu. Suna gudun sanyin ƙasarsu, su zo su kwanta a rana. Mu da muke neman inuwa tun muna yara, abin yakan ba mu dariya.

A manyan otal ɗin akan biya kuɗi gaba ɗaya, na ɗaki da na abinci da na sha. Sai a ɗaura wa baƙo wani ɗan zare a hannu, shaidar ya biya. Daga nan ba abin da zai fitar da shi waje. Mota ta ɗauko shi daga filin jirgi, mota za ta mayar da shi. Akwai tafkin wanka da aka gina da siminti, ga ciyawa kore shar ana ba ta ruwa, ga abinci tuli sau uku a rana. A bakin ƙofa akwai masu gadi, wasunsu Masai ne da suka ƙetaro daga babbar ƙasa neman aiki, da jan mayafinsu da sandarsu.

Mutum yana iya yin kwana bakwai a nan, ya koma gida yana cewa ya je Zanzibar, alhali bai gaisa da ko mutum ɗaya na garin ba, in banda wanda ya kawo masa shayi. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. In haka ne ga baƙon da yake yawo cikin gari, ina ga wanda bai fita daga shinge ba?

Bayan Shinge

Tafiyar minti biyar daga ƙofar otal sai ga ƙauye. Gidaje ne na dutsen murjani, wasu da rufin kwano, wasu da ganyen kwakwa. Ga awaki, ga makarantar allo, ga yara suna ƙwallo, ga mata sun jera jarkoki a bakin famfo. In ba don ƙamshin teku ba, sai ka ce wani ƙauye ne na gida.

Jarkokin nan suna da labari. Ruwan daɗi a tsibirin ruwan sama ne da ya taru a ƙarƙashin ƙasa, yana kwance bisa ruwan gishiri. In aka zuƙe shi fiye da kima, ruwan gishirin yakan taso ya ɓata rijiya. Otal mai tafkin wanka da lambu yana da injin jan ruwa mai ƙarfi, matar ƙauye kuwa guga gare ta. Mai hutun da ya saki famfo yana zuba a banza, ya kamata ya san daga rijiyar wa yake sha.

Sa'ad da teku ya janye, matan Paje da Jambiani sukan shiga filin da ya bari, su zauna cikin ruwa iya gwiwa. Noma suke yi. Sukan kafa turaku, su ɗaura igiya daga wannan zuwa wancan, su ɗaɗɗaura 'yan reshen ciyawar teku a jikinta. Bayan kamar mako shida sai su girbe, su ɗauko a ka, su shanya, su sayar da busasshiyar bisa kilo. Daga cikinta ake fitar da wani abu mai kauri da kamfanonin ƙasashen waje suke sawa a man goge haƙori da askirim. An fara wannan noma na sayarwa a 1989, ya kuwa ba mata da yawa kuɗin hannunsu na fari, suka biya kuɗin makaranta, suka sa wa ɗaki kwano. Amma aikin da wuya. Gishiri yana cin fata, hasken rana bisa ruwa yana ɓata ido, farashi kuma ƙanƙane ne. Bugu da ƙari, ruwan bakin gaɓa yana ƙara ɗumi, irin ciyawar da ta fi tsada kuwa ba ta jure zafi, sai ta ruɓe. Baƙi sukan tsaya su ɗauki matan nan hoto ba ko sallama. Wa zai so a yi wa mahaifiyarsa haka tana tsakiyar gona?

Maza kuwa su ne aikinsu. Suna fita da wani siririn kwale-kwale da ake sassaƙawa daga gungumen mangwaro, mai fiffike biyu a gefe don kada ya kife. A Nungwi har yau ana ƙera manyan jiragen katako da hannu, da gizago da zarto, a bakin rairayi, kusa da inda Turawa suke kwance.

Gaskiya ce, baƙi sun kawo aiki. Direbobi da masu dafa abinci da masu sayar da kifi da masu sassaƙa suna cin abinci ta wannan hanya. Sun kuma kawo tsadar fili da tsadar kifi, da giya a bakin hanya, da samarin da suka bar makaranta suna bin baƙi a rairayi. Iyaye a can suna kuka da wannan kamar yadda za mu yi in a ƙofar gidanmu ne.

Iska Da Kanumfari

Wanda yake so ya gane tsibirin sai ya shiga tsohon birni, wanda ake kira Birnin Dutse. Lungunansa ƙunci gare su, mota ba ta shiga. Gidajen benaye ne masu manyan ƙofofin katako da aka yi wa sassaƙa, wasu da ƙusoshin tagulla. A shekarar 2000 hukumar UNESCO ta sa birnin cikin wuraren tarihin duniya. Da magariba akan kunna fitilu a dandalin Forodhani a bakin ruwa, ana gasa kifi, ana matse rake da citta da lemun tsami.

Iska ce ta gina birnin nan. Daga Disamba zuwa Maris tana busowa daga arewa maso gabas, sai ta turo jiragen fatake daga ƙasar Larabawa da Farisa da Indiya. Daga Afrilu sai ta juya, ta mayar da su gida. Kamar yadda raƙumi ya haɗa Kano da Tarabulus, haka iska ta haɗa Zanzibar da Maskat. Shi ya sa kunnen Bahaushe yakan tsinci kalmomi a Suwahili. Suna cewa “habari”, mu muna cewa labari. Suna da “dunia” da “sabuni” da “Alhamisi”. Kanumfari kuwa “karafuu” suke ce da shi. Mu da su duk daga Larabci muka aro. Suna kuma da “pole”, wadda ake faɗa wa wanda ya gaji ko ya ji ciwo, daidai da sannu tamu.

Mutanen Fotugal sun riƙe tsibirin kusan shekara 200, Larabawan Oman suka kore su a 1698. Wajen 1840 Sarki Sayyid Sa'id ya dawo da fadarsa daga Maskat zuwa Zanzibar, ya kuma matsa a dasa kanumfari. Kanumfarin da uwargida take dakawa cikin yaji ko ta jefa a kunu, tohon fure ne na wani dogon itace. Akan tsinke shi da hannu kafin ya buɗe, a shanya a tabarma har ya yi baƙi. An daɗe Zanzibar ce take kan gaba a duniya wajen sayar da shi. Yanzu yawancinsa daga Pemba yake fitowa. A gonakin da ake kai baƙi mun ga kirfa ana ɓare ta daga jikin itace, mun ga masoro yana hawa kamar wake.

Amma tsinkar kanumfari tana bukatar hannuwa da yawa. A zamanin sarakunan nan, hannuwan bayi ne.

Majami'a A Kan Kasuwar Bayi

Fatake sukan shiga can cikin Afirka, har yankin Tafkin Malawi da gabashin Kwango, su komo da hauren giwa da mutane. Dubbai ake kawowa kowace shekara. Wasu a kai su gonakin kanumfari, wasu a ƙetare da su teku. Kasuwarsu tana unguwar Mkunazini, a tsakiyar birni.

A 1857 Dauda Livingstone, mai bishara kuma likita, ya yi jawabi a jami'ar Kembirij ta Ingila, ya roƙi samari su zo Afirka. Daga wannan kira aka kafa mishan na jami'o'i, wanda ya kafa zango a Zanzibar a 1864. Almajiransu na fari yara biyar ne da aka ƙwato daga jirgin bayi. Livingstone ya rasu a watan Mayu 1873 a ƙauyen Chitambo, cikin ƙasar da ake kira Zambiya yanzu. Abokan tafiyarsa, Susi da Chuma da sauransu, suka binne zuciyarsa a gindin wani itace, suka ɗauki gawarsa wata da watanni har bakin teku. A watan Yuni na shekarar nan, da Ingila ta matsa masa, Sarki Bargash ya sa hannu aka rufe kasuwar.

Mishan ɗin suka sami filin. Wani sashe saye aka yi, wani kuwa wani attajiri Bahindi ne ya bayar kyauta. Ran Kirsimati 1873 aka aza harsashin majami'a, Edward Steere, wanda ya zama Bishop a shekara mai zuwa, shi ya tsaya kan ginin har aka gama a 1879. Ya yi rufin da dutsen murjani da siminti, a lanƙwashe kamar bakan gizo. Mutane suka ce zai rushe. Ga shi nan har yau. Sarki Bargash kansa ya ba da agogon da aka sa a hasumiya. Steere ya kuma yi aikin juya Sabon Alkawari zuwa Suwahili. Ya rasu a 1882, aka binne shi a bayan bagade.

A gaban bagaden akwai wani farin da'ira a daɓe, kewaye da jan dutse. An ce nan ne wurin da ake ɗaure bayi a yi musu bulala. A jikin wani ginshiƙi kuma akwai ɗan gicciye da aka sassaƙa daga itacen nan na Chitambo. A waje akwai rami, a cikinsa siffofin mutum biyar da sarƙa a wuya, aikin wata mai sassaƙa 'yar Suwidin, Clara Sörnäs, na shekarar 1998. Ba mu ga wanda ya tsaya bakin ramin nan yana hira ba.

Rufe kasuwa bai kashe bauta nan da nan ba. Sai a 1897 aka yi dokar da ta ba bayin tsibiran ikon neman 'yancinsu. Amma ku dubi abin da Allah ya yi. Wani yaro da aka sayar a Zanzibar, Cecil Majaliwa, ya yi karatu a makarantar mishan, a 1890 aka naɗa shi firist, shi ne ɗan Afirka na fari da mishan ɗin ya naɗa a wannan matsayi. Ya koma babbar ƙasa yana wa'azi.

Kada mu karanta wannan kamar labarin waɗansu mutane can. A ƙasarmu ma an yi kasuwannin bayi, ba a kuwa soke bauta ɗungum a Arewacin Nijeriya ba sai 1936. A 1909 mishan na S.U.M. suka buɗe gidan 'yantattun bayi a Rumasha, a bakin Binuwai, daga cikin yaran gidan nan kuma aka sami masu bishara. Tarihinmu da nasu ɗaya ne: mutum ya sa wa ɗan'uwansa farashi, Almasihu kuwa ya fanshe shi.

Ladabin Baƙo

Masu bi a Zanzibar 'yan kaɗan ne ƙwarai, da yawansu kuma ma'aikata ne da suka zo daga babbar ƙasa. Ban da majami'ar Anglikan, akwai ta Katolika mai hasumiya biyu, wadda 'yan mishan Faransawa suka gina kafin 1900, da ƙananan ikilisiyoyi a bayan gari. Yawancin kwanaki suna zaman lafiya da maƙwabtansu. Daga farfajiyar majami'ar Anglikan ana hangen hasumiyar masallaci dab da ita. Amma sun sha wuya a wasu lokatai. A watan Fabrairu 2013 an harbe wani Fada na Katolika yana kan hanyarsa ta zuwa sujada. Mu da muke zaune tsakanin Musulmi mun san irin wannan zama, da daɗinsa da ɗacinsa.

Ga abin da ya sa halin mai hutu yake da nauyi. Mutumin ƙauye a can yakan ɗauka kowane Bature Kirista ne. In ya ga mace tana ratsa kasuwa da kayan wanka, ko namiji yana tangaɗi da kwalba a watan azumi, sai ya ce halin Kirista ke nan. Baƙon zai hau jirgi ya tafi, 'yan'uwanmu na can su ne za su zauna da sunan da ya bari. Har a 2021 sai da gwamnatin Zanzibar ta yi sanarwa cewa baƙi su rufe jiki daga kafaɗa zuwa gwiwa in za su shiga gari. Abin kunya ne a ce sai hukuma ta koya wa mai bi sutura.

Ladabin da aka koya mana a gida shi ne dai ake bukata a can. A yi sallama. A gai da manya. A nemi izini kafin a ɗauki hoto. A ci da hannun dama. In watan azumi ne, kada a ci abinci a kan titi da rana. A yi ciniki, amma kada a matse mai talla har ya sayar da hasara. A sayi kifi da kayan yaji da sabulun ciyawar teku a hannun mutanen gari, domin kuɗin ya tsaya a garin. A yi wa mai share ɗaki magana kamar mutum, a san sunanta. Ran Lahadi kuma a nemi majami'a. Mun yi sujada da Suwahili, ba mu ji dukan wa'azin ba, amma mun gane Addu'ar Ubangiji da aka fara ta, bayan an tashi kuma aka riƙe hannuwanmu ana ce mana “karibu”, watau maraba.

Akwai kuma kiyaye rai. Wanda ya iya iyo a kogi kada ya ce ya san teku. A tambayi lokacin komowar ruwa kafin a yi nisa da ƙafa, a sa takalmi saboda ƙayar teku, kada a ɗauke ido daga yara. A kwana cikin gidan sauro. Kada a shiga jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima, ko wanda ba shi da rigunan ceto. A watan Satumba 2011 wani jirgi mai lodi ya nitse tsakanin Unguja da Pemba, ɗaruruwan mutane suka hallaka.

To, Mu Je Ko Kada Mu Je?

Hutu ba ƙirƙirar Bature ba ne. Allah ne ya fara shi, ya kuma ba da shi cikin Dokoki Goma. A Markus sura 6 mun ga Yesu ya kira almajiransa su keɓe su huta, domin taro bai bar su ko su ci abinci ba, cikin jirgin ruwa kuma suka tafi. Maigidan da bai taɓa zama da iyalinsa kwana biyu ba tare da aiki ba, yana tauye su. Fasto da matarsa ma suna bukatar hutu, ya kamata dattawan ikilisiya su tuna da wannan.

Amma ku lura da dokar Asabar a Maimaitawar Shari'a sura 5. Ba maigida kaɗai aka ce ya huta ba. An haɗa da baransa da baranyarsa da baƙonsa har da jakinsa, aka kuma tuna wa Isra'ilawa cewa su ma dā bayi ne a Masar. Hutun da Allah yake so shi ne wanda ba ya danne wani. Wannan ne ma'aunin da muka ga ya dace da bakin teku.

Saboda haka wanda Allah ya hore masa, ya biya kuɗin makarantar yara, ya fitar da zakarsa, bai manta da iyayensa a ƙauye ba, ya je da farin ciki. Amma kada a ci bashi don a yi hoto. Ango da amarya da suka fara zaman aure da bashin otal, daɗin kwana bakwai zai zama rigimar shekara. Wanda kuma ba shi da halin Zanzibar, bai yi hasarar albarka ba. Akwai ruwan ɗumi na Wikki a Yankari, akwai duwatsun Jos, akwai gindin mangwaron gidan kaka. Abin da ake nema shi ne a ajiye aiki, a zauna tare, a gode wa Allah.

In kuwa kun je, ku yi wanka a teku, ku sha ruwan kwakwa, ku kalli faɗuwar rana. Sa'an nan ku fita daga shinge ku gai da masu gida, ku kai yaranku Mkunazini su ga ramin nan da bagaden nan.

A addu'ar iyali ta wannan wata, bari mu tuna da ikilisiyar Zanzibar, Ubangiji ya ƙarfafa ta, ya ba ta zaman lafiya da maƙwabtanta. Mu tuna da matan da suke noma cikin ruwan gishiri, da masunta, da ma'aikatan otal da suke nesa da iyalansu. Mu kuma roƙa domin 'ya'yanmu masu tafiye-tafiye, duk inda suka sauka a san su da halin kirki, sunan Yesu ya sami ɗaukaka ta wurinsu. Amin.